Yaron Warso da ya tafi ci-rani, zuciyarsa kaɗai ta koma gida

Na fi shekara uku ina wuce wani mutum-mutumi a titin Deansgate da ke tsakiyar Manchesta, ban taɓa tsayawa na karanta sunan da ke jikinsa ba. Wani siririn Bature ne zaune gaban fiyano. Garin nan cike yake da irinsa, kuma wadda ta taso daga aikin dare ƙafafunta na zogi, bas take nema ba tarihi ba.

Wata tsohuwa 'yar ƙasar Foland ce ta sa na san shi. Mun yi jinyarta a ɗakinmu a hunturun bara. Ta haura tamanin, mantuwa ta ci ƙarfinta har Turancin da ta yi shekara da shekaru tana yi ya gudu ya bar ta da harshen uwa. Da dare ya raba sai ta miƙe tana neman ƙofa, tana fizge robar ƙarin ruwa, mu kuma ba mai jin abin da take faɗa. 'Yarta ta bar mana wata 'yar na'ura cike da kiɗe-kiɗe, ta ce idan abin ya motsa mu kunna mata. To akwai wani guda ɗaya a ciki, da zarar ya fara sai tsohuwar nan ta koma bakin gado ta zauna, tana bubbuga katifa da tafin hannu, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, tana murmushi. Na duba sunansa: Rondo à la Mazur, na Fryderyk Chopin. Ana kiran sunan kamar a ce Shofan.

Ni fa da Shata da Barmani Choge na tashi, kiɗan da ba waƙa a cikinsa ban taɓa ɗaukarsa da wani muhimmanci ba. Amma wannan ya kama ni, don akwai ƙuruciya a cikinsa, irin rawar kan yaron da bai san ciwon komai ba tukuna. Da na bincika sai na ga ashe yaro ne ya tsara shi, ɗan shekara 16. Daga nan na shiga bin tarihinsa a lokutan hutuna, kuma abin da na tarar ya fi kama da labarinmu, mu mazauna waje, fiye da yadda na zata.

An haife shi a 1810 a wani ƙauye mai suna Żelazowa Wola, yamma da birnin Warso. Danginsa 1 ga Maris suke ɗauka ranar haihuwarsa, littafin cocin kuma 22 ga Fabrairu ya rubuta. Wanda ya taɓa fama da takardar shaidar haihuwa a wajen neman biza ya san irin wannan. Mahaifinsa Nicolas shi ma baƙo ne a ƙasar. Bafaranshe ne daga yankin Lorraine, ya bar gida yana ɗan shekara 16 ya zo Foland, ya zauna, ya auri 'yar ƙasa mai suna Justyna, kuma bai sake komawa Faransa ba. Ku riƙe wannan, don ɗansa zai bi wannan hanyar ne a juye. Yaron yana da 'yan watanni iyalin suka koma Warso, inda uban ya samu aikin koyar da Faransanci a babbar makarantar sakandaren birnin, yana kuma riƙe 'ya'yan masu gonaki daga karkara a gidansa suna karatu. Su huɗu ne a gidan: yayarsa Ludwika, shi, sai ƙannensa mata biyu, Izabela da Emilia.

Gida ne na kiɗa. Uwar tana kaɗa fiyano, Ludwika ma haka. Yana ɗan shekara shida aka ɗauko masa malami, wani dattijo ɗan ƙasar Cek mai suna Wojciech Żywny, wanda asalinsa ma mai goge ne irin na Turawa. Alherin da dattijon nan ya yi masa shi ne ya ɗora shi a kan ayyukan Bach da Mozart, sannan ya sakar masa mara. A 1817, yana ɗan shekara bakwai, aka buga kiɗansa na farko a takarda. Shekara na zagayowa ya hau dandali gaban jama'a a wani taron neman taimako. Manyan gari suka shiga aiko da keken doki a ɗauke shi ya je ya yi musu wasa. A 1825 ya yi wasa gaban Sarkin Rasha Alexander na ɗaya, aka ba shi zobe mai lu'ulu'u. Kar ku yi mamakin ganin Sarkin Rasha a nan. A lokacin babu ƙasar Foland mai cin gashin kanta, maƙwabtanta uku, Rasha da Furushiya da Ostiriya, sun yayyanka ta sun raba, kuma Warso tana ƙarƙashin Rasha.

Hotunan da aka fi sani na Chopin na wani mutum ne mai baƙin ciki, fuska a zabge. Yaron ba haka yake ba. Ɗan barkwanci ne, gwanin kwaikwayon mutane, mai zanen malamansa da dogon hanci. Da yake tun yana ƙarami ba shi da ƙwarin jiki, a 1824 da 1825 iyayensa suka tura shi hutun bazara wani ƙauye mai suna Szafarnia, gidan iyayen abokinsa, ya sha iska ya ci abinci ya yi ƙiba. Wasiƙun da yake aiko wa gida daga can, sai ya mayar da su kamar jarida, da labaran cikin gida da na waje, alhali labaran na agwagi ne da shanu da karnukan gidan. A can ne ya ji kiɗan talakawan karkara da kunnensa: bikin girbi, 'yan mata na waƙa a ƙofar gidan mai gona, masu goge suna tashin ƙura har dare. Bai tsaya kallo daga nesa kamar ɗan birni ba, ya shiga rawar, har ya karɓi wani tsohon babban goge ya taya su.

Daga wannan ƙurar ce kiɗan tsohuwata ya fito. A 1826 ya tsara shi, aka buga shi a Warso a 1828, shi ne aikinsa mai lamba biyar, kuma ya sadaukar da shi ga wata yarinya da suka saba tun suna ƙanana, Alexandrine de Moriolles. Bari na yi ƙoƙarin bayyana shi da bakin wadda ba makaɗiya ba. Rondo dai tsari ne mai amshi. Akwai jigo guda da ake farawa da shi, a tafi wani wuri a yi yawo, a dawo masa, a sake tafiya, a sake dawowa, kamar yadda 'yan amshi ke tare waƙa duk inda uban kiɗi ya kai ta. Mazur kuwa rawa ce ta yankin Mazowsze, inda Warso take. Takunta uku-uku ne, amma nauyin ba ya faɗawa a kan taku na farko inda kunne ke jiransa, sai a na biyu ko na uku, shi ya sa za ka ji kamar mai rawar ya ɗan yi tuntuɓe da gangan ya doka diddige. Akwai kuma wata murya guda a cikin jigon da yaron ya ɗaga sama kaɗan daga inda makarantar kiɗa ta ajiye ta, yadda masu gogen ƙauye ke yi. Ita ce ke ba kiɗan wani ɗan tsami, kamar an matsa tsamiya a kunu. Ana cikin wannan guje-guje sai komai ya lafa, wani sassanyan sauti ya shigo kamar mutum na rera waƙa shi kaɗai, sannan rawar ta dawo, hannun dama ya kwasa da gudu sama da ƙasa. Duka bai wuce minti takwas zuwa tara ba.

Masana ba sa sa shi cikin manyan ayyukansa, kuma na yarda da su a wani ɓangaren. Akwai wuraren da yaron yake nuna yatsu kawai, yana cewa ku gan ni, irin na sabon ɗan kokawa. Amma ni na fi son sa a kan wasu da ake yabo, don a cikinsa kaɗai nake jin Chopin ɗin da bai riga ya rasa komai ba.

Don kuwa rashin yana bakin ƙofa. A wannan shekarar ta 1826 aka kai shi da ƙanwarsa Emilia wani garin ruwan magani mai suna Duszniki, su biyun ba lafiya. Shi ya farfaɗo. Emilia, yarinya mai rubuta waƙoƙi da wasan kwaikwayo, ta fara tarin jini, kuma maganin zamanin shi ne a tsaga jijiya a zubar da jini, a ɗora matsattsaku. Duk lokacin da na karanta wannan sai jikina ya mutu. Yarinyar da huhunta ke zubar da jini, ita ake ƙara zuƙe wa jini, kuma likitocin da zuciya ɗaya suke yi, iya saninsu ke nan. Ta rasu a Afrilun 1827 tana da shekara 14. Mai yiwuwa ƙwarai tarin fuka ne, kuma duk wanda ya yi aiki a asibitin ƙirji ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya kwana gida ɗaya wata da watanni da mai irin wannan tarin. Iyalin ba su iya ci gaba da zama a gidan ba, suka tashi.

Ya yi shekara uku yana karatun tsara kiɗa wajen Józef Elsner, ya gama a 1829, ya leƙa Biyana babban birnin Ostiriya ya yi wasa sau biyu aka yaba. Kowa ya ga Warso ta yi masa kaɗan. Ya yi ta jan ƙafa, yana ɗaga ranar tafiya, kamar jikinsa ya ba shi. Ranar 11 ga Oktoban 1830 ya yi wasan ban kwana a babban gidan wasan birnin. Ranar 2 ga Nuwamba ya shiga keken doki. A bayan gari, a wata unguwa mai suna Wola, malaminsa Elsner ya tare shi da ɗalibai suka rera masa waƙar rakiya. Shekararsa 20. Niyyarsa ya zaga Turai ya yi suna ya dawo, irin niyyar da kowannenmu ya ɗaura da jakarsa a filin jirgin Kano ko Yamai ko Accra: shekara biyu, uku, in tara abin da zan tara.

Bai cika wata guda da tafiya ba, ranar 29 ga Nuwamba, Warso ta yi wa Rasha bore. Yana Biyana labarin ya same shi. Amininsa Tytus, wanda suka taho tare, ya juya gida don shiga yaƙi. Shi aka ce ya zauna, ba shi da jikin soja. Ya yi wata takwas a Biyana ba wani ci gaba, mutanen garin ma ba sa ɗasawa da 'yan Foland a lokacin. Yana hanyar Faransa, a garin Stuttgart na Jamus, a Satumban 1831, ya ji cewa sojojin Rasha sun murƙushe boren sun kama Warso. Babu tarho, babu hanyar sanin ko uwarsa da 'yan uwansa mata suna raye. Abin da ya rubuta a littafinsa a waɗannan kwanakin na mutum ne da ya kusa zarewa. Mu yanzu muna da WhatsApp, amma wanda aka taɓa kai hari garinsu yana nan yana kiran lamba tana ƙin shiga ya ɗanɗani wani abu daga ciki.

Ya isa Faris a kakar 1831. Dubban 'yan Foland da yaƙi ya koro suna kwararowa birnin, sojoji da marubuta da masu sarauta. A ƙarshen Fabrairun 1832 ya yi wasansa na farko a zauren kamfanin fiyano na Pleyel, manyan makaɗa irin su Liszt suna zaune. Kafin nan ma Robert Schumann a Jamus ya riga ya rubuta a jarida cewa ga wani gwani ya fito. Sai dai Chopin ya gano da wuri cewa babban dandali ba nasa ba ne. Sautinsa a hankali yake, taro kuma na takura shi. A duk rayuwarsa wasan da ya yi gaban babban taro bai wuce talatin da wani abu ba. Da koyarwa ya ci abinci: 'ya'ya da matan attajirai, faran 20 kowane darasi, kuɗi mai yawa a lokacin. Ba ya son a miƙa masa a hannu, sai ɗaliba ta ajiye a kan kanta yana kallon taga. Farin safar hannu, tela na musamman, keken doki nasa na kansa. Mai gani ya ce ya ji daɗi, kuma kuɗin kamar yadda suke shigowa haka suke fita, har da taimakon 'yan ƙasarsu da ba su da ko sisi.

Sai maganar takardu, wadda ba sai na yi wa masu karatun nan dogon bayani ba. Hukumar Rasha ta ce duk ɗan Foland da ke waje ya je ofishin jakadancinta ya sabunta fasfo, in ba haka ba a ɗauke shi ɗan gudun hijirar siyasa. Chopin bai riƙe bindiga ba, da ya je da an buga masa hatimi. Mahaifinsa ma ya ba shi shawarar ya je. Ya ƙi. Wannan ƙin shi ya rufe masa ƙofar gida, a 1835 kuma ya karɓi takardar zama ɗan Faransa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Wani sa'in in ce namijin duniya, ya ƙi durƙusa wa wanda ya taka ƙasarsa. Wani sa'in kuma in tuna uwarsa, in ce hatimi ne fa kawai, Fryderyk, hatimi.

A Agustan 1835 iyayensa suka samu fita zuwa garin ruwan magani na Karlsbad, a ƙasar Cek ta yau, shi kuma ya taho daga Faris ya same su. Kusan shekara biyar rabonsu. Suka yi kamar wata guda tare, suna ci tare, suna yawo tare. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. Uban ya rasu a 1844 yana nesa. Uwar kuwa ta rayu har 1861, ta ga mutuwar ɗan nata daga nesa ita ma.

Ya nemi auren wata 'yar gidan masu hali ta ƙasarsu, Maria Wodzińska, har an yi alkawari a ɓoye a 1836, amma iyayen suka janye, kuma lafiyarsa na cikin abin da ya tsorata su. Bayan nan ya haɗu da marubuciyar nan Aurore Dupin, wadda duniya ta sani da sunan maza, George Sand. Ta girme shi da shekara shida, ta rabu da mijinta, tana da 'ya'ya biyu, tana sa kayan maza tana shan sigari. Sun yi kusan shekara tara tare ba aure. Ba zan yi wa kowa kwalliyar wannan ba, haka rayuwarsu ta kasance. Abin da idon ma'aikaciyar jinya ya gani a ciki shi ne matar nan ta zama nas ɗinsa, kuma ta iya.

A ƙarshen 1838 ta ɗauke shi zuwa tsibirin Majorca na ƙasar Sifen, wai ɗumin can zai yi masa magani. Sai suka faɗa cikin damina mai sanyi, a gidan da ba murhun kirki. Tari ya tashi. Likitoci uku suka duba shi, labari ya bazu cewa baƙon yana da tarin fuka. Mai gidan ya kore su, ya kuma caje su kuɗin sabon farin ƙasa da na kayan shimfiɗar da za a ƙone. George Sand ta ɗauki wannan a matsayin jahilcin ƙauyawa, domin likitocin Faris a lokacin gado suka ɗauki cutar, ba abin da ake ɗauka daga wani ba. To ga abin da ya ba ni mamaki: ƙauyawan ne ke da gaskiya. Cutar ana ɗaukarta, ta iska, kuma sai 1882 Robert Koch ya nuna ƙwayarta. Sun yi daidai a ilmi, sun yi kuskure a mutunci. Na ga irin haka a gida da idona lokacin ina ɗaliba: a ware wa mai tari kwano da cokali, a daina gaishe shi, alhali a ɗaki ɗaya ake kwana da taga a rufe. Kwanon ba shi ne matsalar ba, tagar ce. Kuma mu yau muna da abin da Chopin bai samu ba, maganin wata shida da ke warkarwa, wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati a Najeriya. Maganin farko mai kashe ƙwayar, streptomycin, sai a shekarun 1940 ya fito, kusan shekara ɗari bayan mutuwarsa. In akwai mai tarin da ya wuce mako biyu a gidanku, da rama da zufan dare, don Allah a kai shi gwajin majina, a bar cewa sanyi ne.

Daga gidan da aka kore su suka koma wani tsohon gidan zuhudu a kan dutse, a Valldemossa. Fiyanon da ya sa aka aiko masa daga Faris ya maƙale a kwastan makonni. Cikin wannan hali, yana tofar da jini, ya kammala gajerun kiɗe-kiɗensa 24 da ake kira Preludes. Suka bar tsibirin a Fabrairun 1839 cikin jirgin ruwan da ya yi lodin aladu.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka. Kusan kowace bazara har 1846 yana gidan gonar George Sand a Nohant, tsakiyar Faransa, ana ba shi abinci a kan lokaci, ana hana hayaniya, shi kuma yana rufe ƙofa ya yi ta gyara layi ɗaya kwana da kwanaki. Mafi yawan manyan ayyukansa can aka haife su. Kuma duk tsawon wannan lokacin bai bar rawar mazur ba. Ya tsara ƙananan kiɗe-kiɗe a kan takunta sama da hamsin, amma in ka saurare su bi da bi za ka ji rawar tana sanyi, tana komawa tunani, kamar mai tuna dandalin garinsu yana zaune a ɗakin haya. A 1847 suka rabu da George Sand saboda rikicin auren 'yarta Solange, inda ya goyi bayan 'yar. Daga nan jikinsa ya fara gangara ba birki.

Ranar 16 ga Fabrairun 1848 ya yi wasansa na ƙarshe a Faris. Mako guda bayan nan juyin juya hali ya ɓarke, attajirai suka watse, ɗalibai suka ɓace, abinci ya yanke. Wata ɗalibarsa 'yar Sukotlan, Jane Stirling, ta gayyato shi Birtaniya. Ya iso Landan a Afrilu, ya yi wasa gaban Sarauniya Victoria a watan Mayu, sannan aka shiga yawo da shi daga wannan gidan mai kuɗi zuwa wancan, cikin hayaƙin kwal da sanyi, ba ya jin Turanci. Ya kai har sai an ɗauke shi a hau da shi bene. Nauyinsa bai kai kilo 45 ba. Ranar 28 ga Agustan 1848 ya yi wasa a nan Manchesta gaban mutum wajen 1,200, taron da ya fi ƙarfin sautinsa. Dalilin mutum-mutumin Deansgate ke nan, wanda aka kafa a 2011. Ni da na san iskar garin nan a yau, bayan an rufe masaƙun, ina tunanin yadda take a lokacin da kowane bututu ke aman baƙin hayaƙi, kuma a ce mai rabin huhu aka kawo ciki ya nemi kuɗin haya. Hawansa dandali na ƙarshe a duniya ranar 16 ga Nuwamba ne, a Guildhall ta Landan, a taron tara wa 'yan gudun hijirar Foland kuɗi. Mutane rawa suka zo yi, ba su ma saurare shi sosai ba.

Ya koma Faris ya kwanta. A bazarar 1849 ya rubuta wa yayarsa Ludwika cewa ta zo in da hali. Sai da aka yi ta kai gwauro da mari kafin hukumar Rasha ta ba ta izinin fita, ta iso a watan Agusta. Ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ya rasu cikin daren 17 ga Oktoban 1849, a wani gida a dandalin Vendôme, yana da shekara 39. Aka yi masa jana'iza ranar 30 ga wata a cocin Madeleine, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

Amma ba dukkansa ba. Yana da tsoron a binne shi da rai, tsoron da ya yi yawa a zamanin, don haka ya roƙi a buɗe gawarsa, a kuma kai zuciyarsa Warso. Likita ya cire ta ya sa a kwalba cikin barasa don kar ta lalace, Ludwika ta ɗauke ta a 1850 ta ƙetare iyaka da ita a ɓoye. Daga baya aka saka ta cikin ginshiƙin cocin Holy Cross a Warso. A yaƙin duniya na biyu 'yan Nazi sun tarwatsa mutum-mutuminsa a birnin a 1940, zuciyar kuma aka fitar da ita daga cocin a 1944 lokacin da ake rusa Warso, aka mayar da ita a Oktoban 1945. A 2014 wasu masana suka ciro kwalbar cikin dare suka duba ta ba tare da sun buɗe ba, kuma abin da suka bayyana daga baya shi ne alamun kumburin jakar da ke lulluɓe zuciya, irin wanda tarin fuka ke jawowa idan ya daɗe. A takardar asibiti layi ɗaya ne wannan.

A al'adarmu ba a raba mamaci da sassan jikinsa, kuma ranar da na ba wata abokiyar aikina 'yar Zinder wannan labarin sai da ta yi tsaki ta kau da kai. Amma ba mu rabu ba sai da muka koma kan maganar da kowane taron 'yan gida a nan yake ƙarewa da ita, ta asusun jana'iza, da wa za a kai gida wa za a binne a nan, da yaran da aka haifa a nan waɗanda in an kai ka can ba za su san hanyar kabarinka ba. Ni shekarata huɗu ke nan rabona da Hajiyata. Kullum akwai dalili, ko hutu bai fito ba, ko tikiti ya yi tsada, ko ana jiran wata takarda. A watan da na gama karanta labarin Karlsbad na cike fom ɗin hutu na mako biyar, na kai wa shugabar ɗakinmu da hannuna.

Tsohuwar nan an sallame ta zuwa gidan kula da tsofaffi kafin bazara, ban sake jin labarinta ba, haka aikinmu yake. Ranar da za su tafi na tambayi 'yarta ko uwar ta taɓa koyon fiyano. Ta yi dariya ta ce ko kusa, 'yar manoma ce daga wani ƙauye a Mazowsze, ba ta ma san sunan kiɗan ba, rawar kawai ta sani.